Ɗaliban Makerere Da Shehun Malami Ali Mazrui: Daɗin Lacca, Wuyar Jarrabawa

Kowace shekara dubban samari da 'yan mata ne ke cika takardar neman shiga jami'a suna zaɓen fannin ilmin siyasa, da yawa daga cikinsu kuwa suna zaton karatu ne mai sauƙi. A ganinsu, duk wanda ya saba da sauraron rediyo safe da yamma, ya san sunayen jam'iyyu da shugabanninsu, ya kuma iya gardama a majalisar ƙofar gida, to, ya riga ya ci rabin jarrabawa. Kafin a yi wata uku da fara karatu sai ido ya raina fata, domin a lokacin ne ɗalibi zai tarar an jibge masa littattafan mutanen da suka mutu shekaru aru-aru da suka wuce, an kuma ce ya faɗi inda suka yi daidai da inda suka kuskure. Daga nan sai a fara ɗora wa malami laifi, ana cewa ya cika tsanani, ko kuwa yana da rowar maki.

Domin mai karatu ya ga inda wuyar wannan fanni take, babu misalin da ya fi na ɗaliban da suka zauna gaban Shehun Malami Ali Mazrui a Jami'ar Makerere ta ƙasar Yuganda daga 1963 zuwa 1973. A zamaninsa ba a yi malamin siyasa a Afirka da sunansa ya kai nasa tashe ba, ga shi kuma ya zauna a Jos, wasu daga cikin almajiransa sun karantar a Zariya.

YARON DA AKA ƘI ƊAUKA

An haifi Ali Mazrui a birnin Mombasa na ƙasar Kenya ranar 24 ga watan Fabrairu, 1933, a gidan malanta. Mahaifinsa, Shaihu Al-Amin Mazrui, shi ne Alƙalin Alƙalan Musulmin Kenya. Duk da haka, da yaron ya ɗauki jarrabawar fita sakandare ta Kambirij, sai ya samu daraja ta uku, wadda ba ta isa a ɗauke shi a Makerere ba. A wancan zamani kuwa Makerere ce kaɗai babbar makarantar da ɗan Afirka ta Gabas zai sa rai da ita, watau kamar yadda Ibadan take ga 'yan Nijeriya bayan 1948. Wanda ƙofarta ta rufe masa, galibi karatunsa ya ƙare ke nan.

Sai ya kama ƙaramin aiki a wata makarantar koyon sana'a ta Musulmi a Mombasa. A nan ne, a farkon shekarun 1950, ya yi jawabi wajen bikin Mauludi a gaban Gwamnan Kenya na lokacin, Sa Filib Mitchell. Jawabin ya burge Gwamna ƙwarai, wannan kuwa na daga cikin abin da ya buɗe masa hanyar samun tallafin karatu zuwa Ingila a 1955. Ya samu digirinsa na farko a Jami'ar Manchesta a 1960 da daraja mai kyau, na biyu a Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 1961, sa'an nan ya wuce Oksfod.

A 1963 makarantar nan da ta ƙi ɗaukarsa ɗalibi ta ɗauke shi malami. Bayan shekara biyu kacal, a 1965, aka naɗa shi shehun malami kuma shugaban sashen ilmin siyasa, yana da shekara 32 a duniya, alhali ma bai karɓi digirinsa na dokta daga Oksfod ba sai a 1966. Ɗaliban da suka shiga ajinsa, saboda haka, sun zauna ne gaban mutumin da ya san zafin faɗuwa jarrabawa a jikinsa.

LACCAR DA KE CIKA ZAURE

Makerere tana bisa wani tudu ne a birnin Kampala. An kafa ta a 1922 a matsayin makarantar koyon sana'a, ta yi ta bunƙasa har ta yaye mutane irin su Julius Nyerere da Mwai Kibaki da Benjamin Mkapa, waɗanda duk suka shugabanci ƙasashensu. A shekarun 1960 ɗalibanta ba su da yawa. Gwamnati ke ɗaukar nauyin karatunsu da abincinsu da makwancinsu, har da 'yan kuɗin sayen littattafai. Ɗalibi ba shi da wani uzuri sai karatu.

Waɗanda suka zauna a makarantar a lokacin sun sha ba da labarin cewa ranar da Mazrui zai yi laccar bainar jama'a, babban zauren jami'ar kan cika maƙil. Ɗaliban likita da na aikin gona kan bar sassansu su zo, ma'aikatan gwamnati da 'yan jarida su hawo daga cikin gari. Abin da ke jawo su shi ne yadda yake sarrafa harshe, da kuma yadda yake ɗauko abubuwa biyu da ba wanda ya taɓa tsammanin suna da dangantaka, ya haɗa su wuri guda har mai sauraro ya ga kamar da ma can tare suke.

Alal misali, tun a 1963 ya ɗauko Edmund Burke, marubucin nan na Birtaniya da ya soki juyin juya halin Faransa na 1789, ya auna rikicin ƙasar Kwango na 1960 da ma'auninsa. A 1966 kuma, bayan da sojoji suka hamɓarar da Dokta Kwame Nkrumah na Gana, ya rubuta wata maƙala a mujallar Transition da ake bugawa a Kampala, inda ya kwatanta Nkrumah da Lenin da kuma Sarkin Rasha a lokaci guda, watau da jagoran juyin juya hali da kuma irin sarautar da juyin ya zo ya kawar. Hujjarsa ita ce Nkrumah ya yi wa Afirka baki ɗaya babban aiki, amma a cikin gida ya tara iko a hannunsa kamar basarake. Masoyan Nkrumah suka yi caa a kansa, wasiƙun raddi suka yi ta kwarara zuwa mujallar. Ɗalibansa kuwa suka ga da idonsu cewa malaminsu ba ya tsoron taɓa wanda kowa ke girmamawa, ba ya kuma jin haushin a mayar masa da martani.

INDA GIZO KE SAƘAR

Sai dai fa lacca mai daɗin saurare ba ita ce mai sauƙin rubutawa ba. Malamin da ke karanto bayani a jere, na ɗaya, na biyu, na uku, ɗalibi kan kwafe abin da ya faɗa ya haddace, ranar jarrabawa ya mayar masa da kayansa. Amma wanda ke tashi daga Girka ta dā ya sauka a fadar Buganda, ya ratsa ta Masar ya komo kan jam'iyyar Nyerere, duk a cikin sa'a guda, ɗalibi kan fito daga ajinsa cike da murna, in ya buɗe littafinsa da dare sai ya tarar da 'yan layuka kaɗan waɗanda ba za su ci masa jarrabawa ba. Dole ya nufi ɗakin karatu ya nemo tushen maganar da kansa.

A can kuwa manyan littattafai ne ke jiransa. Akwai Aflatun da Aristotal na Girka, akwai Makiyabeli na Italiya wanda ya yi wa sarakuna bayanin yadda ake riƙe mulki, akwai Hobs da Lok na Ingila, da Ruso, da Karl Markis. Tambayoyin da waɗannan mutane suka yi ta fama da su ba baƙi ba ne ga wanda ya san wasiyyar da Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa: wa ya cancanci mulki, mene ne haƙƙin talaka a kan mai mulki, yaushe ne biyayya ke wajaba, yaushe take faɗuwa. Wuyar ita ce an rubuta su cikin tsohon Turanci mai nauyi ko an fassaro su daga wasu harsuna, ɗalibin kuwa Turancin nan harshe na biyu ne ko na uku a wurinsa. Shafi guda kan ci masa sa'a guda.

Bayan wannan ga tsarin makarantar kansa, wanda aka gada daga Jami'ar Landan. Daga 1949 zuwa 1963 digirin Landan ake bayarwa a Makerere, daga 1963 zuwa 1970 kuma ta zama reshen Jami'ar Afirka ta Gabas tare da Nairobi da Darussalam, amma al'adar ba ta sauya ba. Ɗalibi kan ɗauki fanni uku a shekarar farko, sa'an nan ya rage zuwa biyu ko ɗaya, gwargwadon yadda ya yi ƙoƙari. Ban da babbar lacca, akan raba ɗalibai ƙananan rukunai su zauna da malami, kowa ya kawo maƙalar da ya rubuta a tattauna a kanta. A irin wannan zama ba wurin ɓuya. Wanda bai yi karatu ba, tambaya ɗaya ta isa ta tona shi a gaban abokansa.

Jarrabawa kuma a ƙarshen shekara take zuwa gaba ɗaya, aikin wata tara a auna shi cikin 'yan sa'o'i. Ba a tambayar ɗalibi ya kawo ma'anar kalma ko ya lissafo sunaye. Akan ajiye masa magana ce guda, a ce ya tattauna. Misali, a ce masa Hobs yana ganin mugun sarki ya fi zaman rashin sarki, to, ya auna wannan ra'ayi da abin da ke faruwa a sababbin ƙasashen Afirka. Wanda ya zubo haddar abin da Hobs ya ce ya tsaya nan, ya tsira da ƙyar. Wanda ya zubo ra'ayinsa na majalisar ƙofar gida ba tare da ya karanta Hobs ba, ya faɗi. Mai cin maki sosai shi ne wanda ya san littafin, ya san ƙasarsa, ya kuma iya ɗaukar matsayi ya kare shi da hujja. Daɗin daɗawa, ba malamin aji kaɗai ke da ta cewa ba, domin akan gayyato wani malami daga wata jami'a ya sake duba takardun, don kada sanayya ko ƙiyayya ta shiga. Saboda haka digiri mai daraja ta ɗaya abu ne da ba kasafai ake ganinsa ba.

KARATU A GABAN MAI MULKI

Akwai wata wahalar da ɗalibin lissafi ko na ilmin tsirrai bai san ta ba. Abin da ɗalibin siyasa ke karantawa da safe, shi ne ke faruwa a titi da rana. A watan Mayu na 1966, sojojin Shugaba Milton Obote, ƙarƙashin jagorancin Idi Amin, suka afka wa fadar Kabaka Mutesa na Biyu, Sarkin Buganda, a Mengo, tazarar 'yan mil kaɗan daga jami'ar. Sarkin ya tsere zuwa Ingila, a 1967 kuma aka soke sarautun gargajiya baki ɗaya. A cikin aji guda akwai 'yan Buganda da ke cikin baƙin ciki, akwai 'yan arewacin ƙasar da ke goyon bayan Obote, ga kuma darasi a kan halascin mulki. Kowace kalma ta malami sai an auna ta, kowace maƙala ta ɗalibi tana iya nuna ɓangaren da yake.

A 1968 gwamnati ta kama Rajat Neogy, editan mujallar Transition, tare da ɗan majalisa Abu Mayanja. Mazrui ya fito fili ya nuna rashin amincewarsa. Obote ya soke shi a zauren majalisa, kuma kamar yadda shi Mazrui ya sha faɗa daga baya, shugaban ya taɓa tambayarsa ko ya san bambancin da ke tsakanin masanin siyasa da ɗan siyasa. A 1969 aka shirya muhawara a bainar jama'a a Kampala tsakaninsa da Akena Adoko, ɗan'uwan Obote kuma shugaban hukumar leƙen asirin ƙasar, a kan aikin da ya kamata masu ilmi su yi a Afirka. Ɗalibai suka ga malaminsu yana musayar hujja da mutumin da ke da ikon sa a kulle shi.

Ranar 25 ga Janairu, 1971, Idi Amin ya ƙwace mulki, al'amura suka ƙara dagulewa. A 1972 ya kori 'yan asalin Asiya daga ƙasar, a shekarar ce kuma aka sace Alƙalin Alƙalai Benedicto Kiwanuka da shugaban jami'ar ta Makerere, Frank Kalimuzo, aka hallaka su. Inda shugaban jami'a bai tsira ba, ina ga malamin da sana'arsa ita ce tambayar halascin masu mulki? A 1973 Mazrui ya bar Yuganda, ya koma Amurka, inda ya karantar a Jami'ar Mishigan daga 1974. Ɗaliban da ya bari suka ci gaba da karatun siyasa a ƙasar da faɗin ra'ayi ke iya jawo wa mutum asarar ransa.

ALMAJIRAN DA SUKA SAƁA WA MALAMINSU

Ba dukan ɗalibai ne suka gamsu da karantarwarsa ba. A ƙarshen shekarun 1960 iskar gurguzu na kaɗawa daga Darussalam, inda Walter Rodney, masanin tarihi ɗan ƙasar Guyana, ke karantarwa. Samari masu zafin jini suna ganin Mazrui ya cika sassauci ga Turawa, yana wasa da kalmomi alhali talakawa na fama da talauci. Yoweri Museveni, wanda ya hau mulkin Yuganda a 1986, a Darussalam ya yi nasa karatun siyasar. A 1970 aka haɗa Mazrui da Rodney muhawara a Makerere, har yau kuma waɗanda suka halarta ba su daina gardamar wanda ya yi rinjaye ba.

Abin lura a nan shi ne saɓa wa malamin bai hana ɗalibi cin jarrabawa ba. Peter Anyang' Nyong'o na Kenya, wanda ya shugabanci ƙungiyar ɗaliban Makerere, ya kammala a 1971 da daraja ta ɗaya, rubuce-rubucensa na baya kuwa sun fi karkata ga masu nazarin tattalin arziki da rabe-raben al'umma, hanyar da ba ita malaminsa ya bi ba. Ya zama shehun malami, ya riƙe muƙamin minista, aka kuma zaɓe shi gwamnan Kisumu a 2017. Haka nan Okello Oculi, ɗan Yuganda wanda ya karanta ilmin siyasa a Makerere a tsakiyar shekarun 1960, ya taho Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya karantar da ɗaliban Nijeriya shekaru masu yawa.

Shi kansa Mazrui ya haɗa aikinsa na Mishigan da na Jami'ar Jos daga 1981 zuwa 1986. A wannan tsakani ne ya shirya fim ɗin talabijin mai kashi tara a kan mutanen Afirka, wanda BBC da abokan aikinta suka nuna a 1986, inda ya bayyana cewa gado uku ne suka haɗu suka gina Afirka ta yau: al'adun gargajiya, da Musulunci, da tasirin Turawa. Ya koma Jami'ar Binghamton ta Jihar Niyok a 1989, ya rasu a can Amurka ranar 12 ga Oktoba, 2014, aka kai shi Mombasa aka binne.

WAHALA IRI BIYU

Ɗalibin siyasa na Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a yau yana da nasa kukan. Tun ƙarshen shekarun 1980 jami'o'in Nijeriya suka koma tsarin zango-zango, inda kowane kwas ke da jarrabawarsa, wanda ya faɗi kuma ya ɗauko shi a ka zuwa shekara mai zuwa. Kwas ɗin tarihin tunanin siyasa da na dabarun bincike, wanda ke ɗauke da lissafin ƙididdiga, su ne suka fi kayar da waɗanda suka gudo wannan fanni don tsoron lissafi. Har akwai wani zancen barkwanci da ya zaga jami'o'in ƙasar nan, wai akwai malaman da ke cewa maki mafi girma na Allah ne, mai bi masa na malami, sauran kuwa ɗalibai su raba.

Amma ya kamata a rarrabe tsakanin wahala iri biyu. Akwai wadda ke cikin ilmin kansa, watau karanta littafi mai nauyi, da jure wa tambaya, da koyon kare magana da hujja. Wannan ba makawa sai an sha ta, malamin da ya ɗauke wa ɗalibi ita kuwa ya cuce shi. Akwai kuma wadda rashi da sakaci ke haifarwa: ɗalibai ɗaruruwa a zaure guda babu na'urar ƙara murya, ɗakin karatu babu sababbin littattafai, 'yan takardun da malami ke sayarwa su maye gurbin littafi, ga yajin aiki irin na 2022 wanda ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas. Ɗaliban Makerere na zamanin Mazrui sun sha ta farkon sosai, gwamnati kuwa ta ɗauke musu mafi yawan ta biyun. Da yawa daga cikin na yau ta biyun ce ke cinye ƙarfinsu tun kafin su kai ga ta farkon.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya yanke wa malaminsa hukuncin mugunta, yana da kyau ya duba ko wace iri ce malamin ke ɗora masa. Idan yana ba da jerin littattafai, yana karanta abin da aka rubuta masa, yana bayyana dalilin makin da ya bayar, yana kuma barin a yi masa gardama ba tare da ya riƙe mutum a zuci ba, to, tsananinsa alheri ne, ko da makin ya yi ƙaranci. Idan kuwa tsananin na ɓoye rashin shiri ne, ko na tilasta sayen takarda, to, hukumar jami'a ce ya kamata ta ji labari. Iyaye kuma su sani cewa sakamako maras kyau a shekarar farko ba shi ne ƙarshen yaro ba, tun da yaron Mombasa da ya fito da daraja ta uku shi ne ya dawo ya shugabanci sashe a makarantar da ta mayar da shi gida.